Harshe da maƙogwaro: tambayoyin da ƴan zango suka fi yi da amsoshinsu

Assalamu alaikum ƴan uwa na Aboabo, Asawase, Sabon Zango, Alabar, Tafo da sauran unguwanninmu na Kumasi. Na daɗe ina raka tsofaffinmu asibiti ina musu tafinta, kuma abin da na lura dashi shine yawancin wahalar tun daga bakin ƙofar dokta take farawa, mutum yazo da ciwo amma ya kasa faɗin takamaiman inda ciwon yake, dokta na jin Turanci da Tuwi, mara lafiya na jin Hausa, a tsakani sai magana ta ɓace. Shi yasa na tara tambayoyin da ake yawan min kan baki da wuya na amsa su a wuri ɗaya. Wannan ba zai maye maka ganin likita ba, amma zaka shiga wurinsa kasan me zaka ce.

Nace wa dokta wuyana ke ciwo, me yasa yake ta jero min tambayoyi?

Saboda wuya gari guda ne. Mu a bakinmu wanda ya kwana ba daidai ba jijiya ta riƙe shi wuya ke masa ciwo, wanda baya iya haɗiyar yawu shima wuya, mai kumburi ƙarƙashin haɓa shima wuya, toh dokta dole ya rarrabe. Idan ka buɗe baki a madubi, saman bakin shine ganɗa, gabanta ƙashi ne mai tauri, bayanta nama mai laushi. Ramin da kake hangowa can bayan harshe shine farkon maƙogwaro. Daga nan hanya ta rabu biyu, ta iska tana gaba tana sauka huhu, ta abinci wato maƙoshi tana bayanta tana sauka ciki. A bakin hanyar iska akwai wani ɗan murfi da ke rufewa duk lokacin da ka haɗiye abu, in ya makara ruwa ya bi hanyar da ba tasa ba shine kaji ance mutum ya ƙware. Zakaran wuya kuma, wannan da ke fitowa fili a wuyan maza, guringuntsi ne, kuma a bayansa igiyoyin murya guda biyu suke.

Dan haka ka nuna da yatsa, kace ciki ne ko waje, dama ko hagu. Ka faɗi tun yaushe. Ka faɗi ko zafi kake ji in kana haɗiya, ko kuwa abincin ne ke tsaya maka a hanya ba tare da zafi ba, waɗannan biyun ba ɗaya bane sam, kuma na biyun yafi tada hankalin likita.

Belu da tonsil abu ɗaya ne?

A'a. Belu, wasu suce hakin wuya, shine ɗan naman da ke reto a tsakiya daga ƙarshen ganɗa, guda ɗaya ne. Tonsil kuma biyu ne, ɗaya dama ɗaya hagu a gefen ramin, suna cikin masu gadin jiki daga ƙwayoyin cuta, shi yasa suke saurin kumbura a yara. Akwai ɗan uwansu da ke ɓoye a bayan hanci ba'a ganinsa ta baki, likitoci suna ce masa adinoid, shine yake sa wasu yara kullum baki buɗe suna minshari da dare. Mutanenmu kan haɗa su duka suce belu ne ya sauko.

Kakar yaro tace dole wanzami ya cire masa belu kafin suna, in yarda?

Ƴar uwa kada ki yarda, kuma ki faɗa da ladabi amma ki tsaya a kan bakanki. Na san nauyin maganar, surukarki ce ko mahaifiyarki, ita an cire mata, ta cire wa ƴaƴanta duka sun rayu, kuma ba mugunta take nufi ba, tsoro take kar belun ya girma ya toshe wa jikanta wuya ko ya fashe ya kashe shi kamar yadda aka gaya mata tun tana yarinya. Amma belu baya girma ya toshe wuya, baya fashewa, ba shi ke kawo amai ko ƙin kama nono ba. Halitta ce da kowane ɗan adam ke da ita kuma tana da aikinta, ita da ganɗa mai laushi suke rufe hanyar hanci lokacin haɗiya dan kar nono ko ruwa ya fito ta hanci, tana kuma taimakawa wurin jiƙa maƙogwaro.

Haɗarin kuma ba ƙarami bane. Jaririn kwana uku ko bakwai jininsa gaba ɗaya kaɗan ne, kuma a kwanakin farko jinin baya saurin daskarewa, shi yasa ma ake wa jarirai allurar bitamin K da an haife su. Yanka a can cikin baki ba inda zaka danne da auduga, jinin yana bi ta ciki yaron na haɗiyewa ba wanda ya gani, sai dai aga ya yi fari fat ya saki jiki. Ga tetanos da ke sandarar da jiki ya datse muƙamuƙi, ga ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki in da aska ɗaya aka yi wa wasu, ga shi ɗan naman da aka yanke yana iya faɗawa hanyar iska. Bayan an yi kuma yaro ya ƙi nono saboda zafi, sai ace kunga dama belu ne ya dame shi.

Ni ina ganin girman wanzamai, sana'a ce ta gado, su yi askin suna a basu hakkinsu da goronsu. Amma a bar cikin bakin jariri. Idan maganar tafi ƙarfinki ki sa maigida ya shiga, ko ki tafi da Mma ɗin wurin awo ki roƙi nas ta mata bayani da bakinta, tsofaffi da yawa sun fi karɓa daga wurin mai farin kaya.

Maƙogwaro na zafi, in je kemis in sayi amoksisilin kawai?

Mafi yawan ciwon maƙogwaro bairos ke kawo shi, irin na mura, kuma antibayotik baya taɓa bairos ko kaɗan. Idan kana tari, hanci na zuba, murya ta ɗan shaƙe, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu da ƙurar hunturu ke busar da komai, toh galibi cikin mako ɗaya zai wuce da kansa. Ka sha ruwa sosai, ka kurkure maƙogwaro da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, farasitamol in zafi yayi yawa, zuma da lemun tsami a ruwan ɗumi ma suna sanyaya wuri. Sai dai zuma ba'a ba yaron da bai kai shekara 1 ba, asfirin kuma ba'a ba yaro ƙasa da shekara 16.

Wanda ake tsoro shine na bakteriya, yafi kama yara daga shekara 5 zuwa 15. Yana zuwa farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, tonsil sun yi jajir da farin ruwa a kansu, kaluluwa ƙarƙashin muƙamuƙi, kuma yawanci babu tari babu majina. Wannan kam sai an kai shi asibiti, kuma in aka rubuta magani na kwana 10 a shanye shi duka ko da yaro ya warware a kwana na uku yana ta guje guje, domin in aka bar shi rabi da rabi yana iya komawa ya taɓa gaɓoɓi da ƙofofin zuciya, sai bayan shekaru aga matashi yana haki daga ɗan hawa bene.

Idan kuma ciwon gefe ɗaya ne, baki ya ƙi buɗuwa, yawu na dalala, magana bata fita sosai, ƙila ruwa ne ya taru a bayan tonsil. Ranar za'a tafi, ba gobe ba.

Yaushe ne likita ke cewa a cire tonsil?

Ba daga kumburi ɗaya ko biyu ba. Ma'aunin da likitoci suka fi bi shine sau 7 a shekara guda, ko sau 5 kowace shekara shekara biyu a jere, ko sau 3 kowace shekara shekara uku a jere. Ko kuma sun yi girman da yaro yana minshari har numfashinsa na ɗaukewa cikin barci. Tiyata ce a asibiti da maganin barci, kuma ana sa ido kan zubar jini har kusan mako biyu bayanta.

Harshen jaririna yayi fari, nono ne ko ciwo?

Ki naɗe yatsa da tsumma mai tsabta ki jiƙa da ruwan da aka tafasa ya huce ki ɗan goga a hankali. In nono ne zai fita, harshe ya koma kalarsa. In kuma ya manne kamar ɗigon kindirmo, har cikin kumatu da dasashi, kin goga ya bar ja ko ɗan jini, toh naman gwari ne ya yi yawa a bakin. Ana maganinsa da ɗigon nistatin, kuma a duba kan nonon uwa dan suna ta miƙa wa juna. Kada a kankare da cokali ko a shafa toka ko kanwa.

Babban mutum kuma in wannan farin ya fito masa ba dalili, bai sha antibayotik kwanan nan ba kuma baya shaƙar inhela ta asma, ya kamata a auna suga a kuma yi gwajin cuta mai karya garkuwa. Babu abin kunya a gwaji.

Wani abu da mata masu ciki ya kamata su sani, harshen da ya yi sumul ya kuma ɗashe, yana raɗaɗi in an ci yaji, ga tsagewa a gefen baki, sau da yawa alamar ƙarancin jini ne.

Yarona shekara biyu da rabi baya magana, ance linzami ne a yanke

Ɗaga harshenka ka duba ƙasansa zaka ga wani siririn zare na nama da ya ɗaure shi da ƙasan baki, kowa na da shi. Linzami shine in zaren yayi gajarta ko kauri har harshe baya iya fitowa ya wuce dasashi, in yaro yayi kuka sai kaga tsinin harshen ya lotsa a tsakiya. Inda yafi damuwa shine shan nono, jariri ya kasa kamawa da kyau, uwa kan nononta na tsagewa, yaro baya ƙara nauyi a awo. A irin wannan likita na iya saki cikin ɗan lokaci da kayan aiki masu tsabta. Amma akwai jijiyoyin jini a ƙasan harshe, ba wurin da za'a sa aska ko farce bane a gida.

Shi kuma rashin magana gaba ɗaya ba kasafai linzami ke kawo shi ba, mai linzami yana magana sai dai wasu haruffa su masa wuya. Yaron da ya kai wannan shekarun baya haɗa kalma biyu, abu na farko a auna jinsa, dan wanda baya ji ba zai iya kwaikwayo ba. In'ina ma ba ruwanta da linzami, kuma tsawa da dariya ƙara ta suke.

Ƙurji ya fito min a harshe, yaushe zan damu?

Ƙananan gyambo masu farin tsakiya da jan zagaye, masu zafi kamar me in barkono ya taɓa, suna warkewa da kansu cikin mako ɗaya zuwa biyu. Wanda ya wuce mako 3 bai warke ba, ko gefensa yayi tauri, ko wani fari ko ja da baya gogewa, ko harshen yayi nauyi, wannan a nuna wa likita ko da baya zafi, hasali ma kansar baki a farkonta sau da yawa bata zafi shi yasa ake sakaci. Gefen harshe da ƙasansa ta fi kamawa. Manyan masu jawo ta sune taba ta kowace siga, sigari, shisha da samarinmu suka ɗauka ado, da garin taba da wasu iyayenmu mata ke cusawa tsakanin leɓe da dasashi, sai giya, in an haɗa biyun abin yafi muni. Karyayyen haƙori da ke ta gogar wuri ɗaya shima a gyara shi. In dokta yace zai ɗebi ɗan nama a kai gwaji kada ka gudu, ɗiban ba shi ke yaɗa cutar ba, jinkiri ne ke yaɗa ta.

Muryata ta dushe, ni malamin makaranta ne

Allah ya ƙara lafiya Malam. Ku da ladanai da masu wa'azi da ƴan talla a Kejetia da yaran mota masu kiran fasinja, duk muryarku ce jarinku kuma ita kuke wahalarwa. Igiyoyin murya in ana ta buga su da ƙarfi suna kumbura, in abin ya daɗe su yi kanta. Maganin farko hutu ne da ruwa, ka rage ɗaga murya, ka nemi lasifika in ɗaliban da yawa, kuma raɗa ba hutu bane tana ƙara gajiyar da su. Yawan gyaran murya da kakarin kaki shima haka.

Akwai wanda ba ihu ne ya kashe masa murya ba ƙwannafi ne, ruwan tsamin ciki ke hawowa da dare yana ƙona wurin, ya tashi da ɗacin baki da jin kamar abu ya tsaya a wuya. Ana yawan ganinsa da azumi, a cika ciki da tuwo ko wake da shinkafa da shito a sahur a koma a kwanta. A bar awa biyu zuwa uku tsakanin cin abinci mai nauyi da kwanciya in da hali, a ɗaga wajen kai.

Dushewar da ta wuce mako 3 ba mura, balle ga mai shan taba da ya haura 40, sai an leƙa. Wani siririn bututu ne mai kyamara ake bi da shi ta hanci, kana zaune a kujera ido biyu, mintoci kaɗan an gama.

Kumburi a wuya, maƙoƙo ne ko hangum ko kaluluwa?

Maƙoƙo a gaban wuya yake ƙasa da zakaran wuya, in mutum ya haɗiye yawu zaka ga kumburin ya hau ya sauka. Ƙullin tayirod ne ya girma, yafi yawa a mata, kuma babban sanadinsa a ƙasashenmu ƙarancin aidin ne a abinci, shi yasa aka fi saninsa a arewacin Gana kuma shi yasa ake ta kiran a rinƙa sayen gishiri mai aidin. A ajiye gishirin a rufe nesa da murhu. Amma ba kowane maƙoƙo ne na aidin ba, wani yana zuwa da bugun zuciya da rama da zufa da rawar hannu, sai an yi gwajin jini da sikan. Kada a tsaga kada a ƙona.

Hangum na yara ne galibi, kumburi gaban kunne zuwa muƙamuƙi da zazzaɓi, bairos ne yana wucewa cikin kamar kwana goma, ana ɗauka ta yawu dan haka yaro ya zauna gida. In saurayi ya kamu kuma maraina suka kumbura ya ga likita.

Kaluluwa ƴan ƙulle ƙulle ne a gefen wuya, suna tasowa in akwai ciwo a kusa, haƙori ko kunne ko maƙogwaro, su sauka in ciwon ya warke. Wadda ta daɗe makonni bata zafi, tana girma, ga rama da zufan dare, a binciki tarin fuka dan ba huhu kaɗai yake kamawa ba, kuma maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata 6 ake sha.

Ƙayar kifi ta maƙale min, in haɗiyi ƙatuwar lomar banku ta tura ta?

Kada ka yi. Lomar na iya ƙara nutsar da ƙayar cikin nama ko ta huda maƙoshi. Wani lokacin ƙayar ta riga ta wuce karcewa ce kawai ta bari, wannan zafin na raguwa kullum. In yana ƙaruwa, ko ka kasa haɗiyar yawu, ko zazzaɓi ya shigo, tafi a cire maka.

Na yara yafi ban tsoro. Kwabo in ya tsaya sai an ɗauki hoto an gani. Ɗan batirin nan mai faɗi na agogo da rimot da kayan wasa kuwa cikin awa biyu yana fara ƙona maƙoshi, ko da yaro na wasansa lafiya lau a ruga asibiti. Sai soda ta haɗa sabulu, dan Allah iyayenmu masu wannan sana'a ku ji ni, in an jiƙa ta fari tas take kamar ruwan sha, a zuba a robar lemo a ajiye a tsakar gidan haya mai yara goma, yaro da ƙishi ya ɗaga ya kurɓa. Kurɓa ɗaya na iya tsuke masa maƙoshi ya koma ko koko baya wucewa, a yi ta tiyata shekara da shekaru. In tsautsayi ya faru kada a sa shi amai dan sodar zata sake ƙona hanyar da ta bi, kada a ɗura masa manja, a ɗauke shi da robar a tafi.

Mutum ya shaƙe da nama a gabana, me zan yi kafin mota ta zo?

In yana iya tari da magana ka bar shi yayi ta tari. In ya kama wuya sauti baya fita, ka sunkuyar da shi ka bugi tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu sau 5, in bai fito ba ka tsaya bayansa ka dunƙule hannu saman cibiya ka ja ciki da sama da ƙarfi sau 5, kayi ta maimaitawa wani na kiran 112. Jaririn da bai kai shekara ba ba'a danna masa ciki, kife shi zaka yi a kan hannunka kai na ƙasa ka bugi bayan, sannan ka juya shi ka danna tsakiyar ƙirji da yatsu biyu. Kada a zura yatsa ana lalube in ba'a ganin abin.

Gaskiya ne mai farfaɗiya na iya haɗiye harshensa?

Ba zai yiwu ba, harshe a ɗaure yake da ƙasan baki. Cokali ko sanda da ake cusawa haƙora kawai yake karyawa. A kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kai, in jijjigar ta lafa a juya shi gefe. In ta wuce minti 5 a tafi asibiti.

Harshen da ke buƙatar gaggawa shine na dattijon da yana cikin magana sai kuji ta harɗe, baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki. Shanyewar ɓarin jiki ce ke shigowa, ba lokacin jiƙo da hayaƙi bane, kuma kada a bashi ruwa ko rubutu ya sha dan haɗiyarsa ta lalace zai iya bi ta huhu. Kuyi addu'arku a cikin mota.

Mashaƙon da muka ji a Kano zai iya zuwa nan?

Cuta bata neman biza, kuma mu masu kai da kawowa ne tsakanin nan da Najeriya da Nijar. Ɓarkewar da ta fara ƙarshen 2022 ta yi tsanani a 2023, Kano tafi kowa jin jiki, kuma akasarin yaran da ta kama basu da cikakken rigakafi. Alamarta wani tantani mai ruwan toka da ke manne a maƙogwaro, da kumburin wuya da wahalar numfashi. Rigakafinta na cikin allurar penta da ake wa jarirai a nan Gana a mako 6 da 10 da 14. Ɗauko littafin awon yaranki ki duba ko ukun sun cika, in da saura a koma ko da lokacin ya wuce.

Toh wane asibiti zan je, kuma inshora na biya?

Ka fara da na kusa da kai, kamar Manhyia ko Tafo ko kilinik ɗin unguwa, mafi yawan abin da na lissafa a nan ake gamawa. In abin yafi ƙarfinsu zasu baka takarda zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Komfo Anokye, wanda kowa ke kira Gee, ƴan Ankara kuma Korle Bu. Ciwon dasashi da haƙori da wasu gyambon baki ɓangaren haƙori ake turawa. Banda gaggawa irin su numfashi da batir da soda da jini, waɗannan kai tsaye zaka wuce ba jiran takarda.

Katin inshora ka duba shi tun kana lafiya, ana sabuntawa ta waya da *929# ba sai ka bi layi ba. Yana ɗaukar ganin likita da magungunan da ke cikin jerinsa, amma ba kowane gwaji ko aiki ba, dan haka ka tambayi kuɗin tun kafin a fara. Ka zuba duk kwalayen maganin da aka sha a leda ka tafi dasu har na gargajiya, in tsoho ne ko tsohuwa a haɗa su da wanda ke kwana gida ɗaya dasu ya san yadda suke ci da yadda suke barci, ba wanda aka kira a waya da safe ba.